Amsa ga mai son haɗa kwamfutar wasa a Akra: ina kuɗin ya kamata ya fara zuwa?

Tambayar ta fito ne daga wani ƙanenmu mazaunin unguwar Nima a Akra, wanda ya ce ya daɗe yana tara kuɗi domin ya haɗa kwamfutar tebur da hannunsa, ya riƙa buga wasannin Warzone da Valorant da EA Sports FC, ya kuma yi aikin tace bidiyo idan ya samu. Ya zaga Tip Toe Lane, layin masu sayar da wayoyi da kwamfuta a Circle, wani mai shago ya nuna masa kibod da linzamin kwamfuta a kwali ɗaya, masu fitilu kala-kala, an rubuta DPI 12,800 da manyan haruffa, sannan ya yi masa tayin katin hoto (kayan da ke zana hoton wasa a allo) samfurin RX 580 na hannu da akwatin da ya zo da na'urar wutarsa a ciki. Yana so ya san ko ya saya, da kuma abin da ya kamata ya fara saya.

Ƙanena, Allah ya sa albarka a cikin abin da ka tara. A taƙaice, kada ka sayi kwalin nan, kada ka amince da na'urar wutar da ta zo a cikin akwati, katin hoton kuma sai an gwada shi a gabanka. Dalilin da ya haɗa abubuwan uku shi ne, duk an jawo hankalinka da abin da ido ke gani, alhali a garin nan abin da ke kashe kwamfuta, wato wuta da zafi da ƙura, ba a rubuta shi a jikin kwali.

Zan fara da wuta, domin ita ce mutane suka fi rainawa kuma ita ce ta fi jawo asara. Na'urar da ke karɓar wutar bango mai volt 230 ta mayar da ita volt 12 da 5 da 3.3 ita ce kayan da idan ya lalace yakan tafi da sauran. Irin wadda ake bayarwa kyauta tare da akwati sau da yawa an rubuta watt 500 ko 600 a jikinta, amma idan ka ɗaga ta za ka ji ba nauyi, idan kuma ka karanta takardar gefenta za ka ga layin volt 12, wanda shi ne furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da katin hoto ke sha, bai kai ko kusa da wannan adadi ba. Ka nemi ta kamfanin da aka sani, irin su Corsair ko Seasonic ko Cooler Master ko MSI, mai watt 550 zuwa 650, mai shaidar 80 Plus Bronze ko sama, kuma sabuwa fil. A wannan wuri ɗaya ban yarda da kayan hannu ba ko kaɗan. Wasu tsofaffin na'urorin da ke zuwa daga Amurka suna da wani ɗan jan makunni a baya mai zaɓi tsakanin 115 da 230, kuma idan yana kan 115 aka jona shi a soket ɗinmu, ƙara ɗaya za ka ji da ƙaurin ƙuna, shi ke nan.

Bayan ta sai UPS, wato na'urar batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san dumso, wato yawan ɗauke wuta, amma ɗauke wutar ba shi ne ya fi ɓarna ba. Dawowarta da ƙarfi, da kuma raguwarta da yamma lokacin da kowane ɗaki a gidan haya ya kunna fanka da firji da dutsen guga, su ne ke cinye kayan lantarki a hankali. Ka lura cewa adadin VA da ake rubutawa a jikin UPS ba shi ne watt ba: ƙaramin UPS mai VA 650 yawanci watt 360 zuwa 390 yake iya ɗauka. Kwamfutar da zan kwatanta maka za ta sha kusan watt 250 zuwa 300 a tsakiyar wasa idan an haɗa da monita, saboda haka mai VA 1000 zuwa 1500 wanda ke daidaita hawa da saukar wuta shi ne zai ba ka sarari. Idan da hali ka ɗauki wanda aka rubuta pure sine wave a jikinsa, domin wasu na'urorin wuta na zamani sukan mutu nan take idan UPS mai araha ya koma kan batir. Aikinsa ba ya ci gaba da wasa da kai ba ne, mintuna kaɗan zai ba ka ka adana aikinka ka kashe kwamfuta cikin mutunci. Sannan ka kira mai gyaran wuta ya duba ko soket ɗin ɗakinka yana da wayar ƙasa da gaske, domin gidaje da yawa a zango suna da soket mai baki uku amma bakin na uku ba a haɗa shi da komai ba. Alamar rashin wayar ƙasa ita ce ka taɓa ƙarfen akwati ba takalmi ka ji yana ɗan jan ka.

Zafi da ƙura su ne na biyu. Daga Fabrairu zuwa Afrilu zafin Akra kan haura digiri 30 da rana, ɗakin da aka rufa da kwano ya fi haka, iskar teku kuma tana ɗauke da laima da gishiri, sannan hunturu ya zo a Disamba da Janairu da ƙurarsa mai laushi. Masu gwada kaya a Turai suna auna zafi ne a ɗaki mai digiri 21 ko 22, don haka duk abin da ka gani a bidiyonsu ka ƙara kusan digiri goma. Akwatin da gabansa gilashi ne rufe ruf yana da kyau a hoto, amma fankokinsa ba su da inda za su shaƙi iska. Ka zaɓi mai raga a gaba da matacin ƙura da ake cirewa a wanke, fanka biyu suna shigo da iska, ɗaya a baya yana fitarwa, kuma ka ɗora akwatin a kan tebur ko benci maimakon daɓen ƙasa. Na'urar sanyaya ta ruwa ba ka da buƙatarta; ta iska mai hasumiya ɗaya ta wadatar, kuma idan fankarta ta mutu za ka samu wata a Circle a ranar.

Game da furosesa da madabod, wato babban faifan da ake jona dukkan kayan a kansa, hanyoyi uku ne a gabanka. Ta farko ita ce AM4, mazaunin furosesa na kamfanin AMD, wadda ta fito tun 2016 kuma tana amfani da RAM irin DDR4: Ryzen 5 5600, mai cibiya 6 da zare 12, a kan madabod B550, har yau yana ɗaukar duk wasannin da ka ambata. Idan B450 ka samu, ka tabbata an sabunta BIOS ɗinsa, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin, kafin ka bar shago, in ba haka ba ka isa gida allo ya ƙi nuna komai. Ta biyu ita ce Core i5-12400F na Intel, wanda ƙarfinsa ya yi kusa da na farkon, kuma akwai madabod ɗinsa masu DDR4 da masu DDR5, ba a musanya su. Ta uku ita ce AM5 da ta fito a 2022, misali Ryzen 5 7600, wadda DDR5 kaɗai take karɓa. Ta fi tsada, amma tana da sauran rayuwa a gaba idan kana son canza furosesa bayan shekaru. Ga mai kuɗi ƙayyadadde, ni AM4 nake zaɓa, a kai rarar kan katin hoto. Ka sani cewa 5600 da 12400F duka ba su da hoto a cikinsu, saboda haka ba katin hoto ba ko alamar Windows da za ka gani. Manyan furosesan Intel na zubi na 13 da 14, irin su i7 da i9, sun yi fama da matsalar lalacewa a hankali wadda kamfanin ya amsa a 2024 ya kuma fitar da gyara, don haka na hannu daga cikinsu ka bar shi inda ka gan shi.

RAM da ma'ajiya ba su da doguwar magana. Ka sayi gigabait 16 a sanda biyu masu 8, ba sanda ɗaya ba, ka sa su a rami na biyu da na huɗu daga furosesa, ka shiga BIOS ka kunna saitin da ake kira XMP domin su yi gudun 3200 da aka rubuta. Idan aikin bidiyo ya kankama sai ka koma 32. Ma'ajiya kuwa NVMe mai terabait 1, tunda Warzone kaɗai kan cinye fiye da gigabait 100.

Katin hoto shi ya kamata ya ɗauki kaso mafi girma na kuɗin, wajen kashi ɗaya cikin uku ko ma fiye. RX 580 kati ne na 2017 mai shan watt 185, kuma yana cikin katunan da masu haƙar kuɗin kirifto suka fi amfani da su, suna kunne dare da rana. Da aka daina haƙar kuɗin Ethereum da katin hoto a Satumbar 2022, sai aka kwararo su kasuwannin duniya, wasu an wanke an sake musu kwali. Ba dukansu ne matattu ba, amma sai an bincika. Ka je da filashi mai ɗauke da manhajojin gwaji biyu, GPU-Z da FurMark. GPU-Z zai nuna maka adadin cibiyoyin katin: RX 580 na ainihi yana da 2304, idan ka ga 2048 to ƙaramin samfuri ne da ƙarfinsa ke daidai da RX 570, kuma bai kamata ka biya kuɗin babban ba. Sai a kunna FurMark na minti goma sha biyar kana tsaye kana kallo: fankoki biyu su juya ba ƙara, kada ɗige-ɗige masu launi ko layuka su fito, kada allo ya ɗauke, zafi kuma kada ya zarce digiri 85. Mai shagon da ya ce ba shi da lokacin gwaji ya riga ya ba ka amsa. Da ni ne kai, zan ƙara haƙuri in kai ga RX 6600, wanda ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba kuma watt 132 kawai yake sha, ko RTX 3060 mai gigabait 12, wanda ya fi dacewa da tace bidiyo, ko RTX 4060 mai shan watt 115. A ƙasar da ake sayen wuta da mitar biya-kafin-sha, kuma zafi ke dukan ɗaki, ƙarancin watt riba ce da ake gani kowane wata.

Monita ma mutane kan bar ta a baya, su haɗa kwamfuta mai ƙarfi da talabijin ɗin falo. Allo mai hertz 60 yana sabunta hoto duk bayan milisakan 16.7, mai 144 kuma duk bayan 6.9, kuma wannan bambanci za ka ji shi a hannunka fiye da duk abin da linzami mai tsada zai ƙara maka. Inci 24, 1080p, hertz 144 ko 165 ya isa. Ka jona wayar a bayan katin hoto, ba a madabod ba, sannan ka shiga saitin Windows ka zaɓi 144 da kanka, domin na sha ganin wanda ya yi watanni yana wasa a kan 60 bai sani ba.

Yanzu ga linzami, wanda a nan ne kwalin ya so ya ruɗe ka. DPI na nufin yawan ɗigon da kibiya za ta yi tafiya idan ka ja linzami inci ɗaya. Faɗin allon 1080p ɗigo 1920 ne, wato a DPI 12,800 motsin inci ɗaya zai ratsa allonka fiye da sau shida, kuma ba ɗan Adam da zai saita harbi a haka. Mafi yawan ƙwararrun 'yan wasan Counter-Strike da Valorant suna tsakanin 400 da 1600 ne. A linzamai masu araha ma, babbar lambar sau da yawa lissafi ne ake ninkawa a cikin manhaja, idon da ke ƙarƙashin linzamin, mai karanta motsi, bai kai can ba. Abin dubawa shi ne ingancin idon, ko yana bin hannunka daidai idan ka fizge shi da sauri ko kuwa kibiyar takan haukace ta kalli sama. Ido irin PixArt 3360 da 3395, da HERO na Logitech, duk sun wuce wannan matsala. Abu na biyu shi ne sau nawa linzamin ke aika rahoto ga kwamfuta: na ofis kan aika sau 125 a sakan, wato duk milisakan 8, na wasa kuma sau 1000. Masu 4000 da 8000 da ake tallatawa yanzu suna ƙara wa furosesa nauyi da cin batir, amfaninsu kuma ba zai bayyana a allo mai hertz 144 ba.

Idan ido da rahoto sun yi daidai, sauran duk maganar hannunka ce, kuma linzami kamar hula yake, ba a saya sai an gwada. Ka auna daga layin wuyan hannunka zuwa ƙarshen yatsan tsakiya. Idan ya kai santimita 19 ko fiye, kuma kana kwantar da tafinka gaba ɗaya a kan linzami, mai tudun baya irin Razer DeathAdder zai fi yi maka daɗi. Idan hannunka matsakaici ne ko ƙarami, ko kana riƙewa da kan yatsu, Logitech G102 mai waya, wanda nauyinsa giram 85 ne, ko G305 marar waya mai giram 99 da batir AA ɗaya, sun isa kowane mai farawa. G502 da samari ke so saboda yawan maɓallansa giram 121 ne, yana da kyau ga aikin bidiyo, amma a wasan harbi na awa biyu wuyan hannu zai gaya maka. Marar waya mai ɗan filashinsa na 2.4 GHz ba ya jinkiri yanzu, Bluetooth ne bai dace da wasa ba. Abubuwa biyu kuma na garinmu: gumi kan sa linzami mai sheƙi ya riƙa zamewa, don haka ka fifita mai jiki garas-garas, sannan laima da ƙura suna gaggauta cutar nan ta danna sau ɗaya ya shiga sau biyu a maɓallan ƙarfe, cutar da masu maɓallin haske ba sa yi, kodayake mai gyara da ya iya dalma zai iya canza maɓallin da kuɗi kaɗan. Jabun G102 sun yi yawa a kasuwa, kwalinsu kuma kamar na gaske. Hanya mafi sauƙi ita ce a jona shi a kwamfutar da ke da manhajar G Hub; idan manhajar ba ta gane shi ba, ka ajiye musu kayansu.

Kada ka manta da shimfiɗar linzami. A Valorant, mai DPI 800 da saitin saurin linzami na 0.35 yana buƙatar jan hannu kusan santimita 47 kafin ya juya zagaye ɗaya cikakke, saboda haka shimfiɗar yadi mai faɗin santimita 45 ko fiye ba ado ba ce. Ka kuma kashe zaɓin Enhance pointer precision a Windows, domin yana sa nisan kibiya ya danganta da saurin hannu.

Wannan faɗin tebur shi ne ya sa nake ba da shawarar kibod marar ɓangaren lambobi na dama, mai maɓalli 87, maimakon cikakke mai 104. Mai 61 ya yi ƙanƙanta ga mai tace bidiyo, tunda ba shi da kibiyoyi da layin F. Kibod ɗin cikin kwalin nan kusan tabbas na roba ne aka yi wa dogayen maɓallai. Ka cire hular maɓalli ɗaya, idan ka ga makunni mai kan gicciye, ja ko ruwan ƙasa ko shuɗi, to na gaske ne, idan kumburin roba ka gani to ba shi ba ne. Babbar illar irinsa ita ce idan ka danne W da A da Shift kana son tsalle, wani maɓallin ba zai shiga ba. Ja yana sauka sumul da nauyin kusan giram 45, shi 'yan wasa suka fi so. Ruwan ƙasa yana da ɗan tudu a tsakiya, ya dace da mai wasa da rubutu. Shuɗi kuwa yana ƙara, kuma a gidan haya da ƙarfe ɗayan dare maƙwabta za su san da zamanka. Ba dole sai makunnin kamfanin Cherry ba, na Gateron da Kailh da Outemu suna aiki, kuma Redragon K552 ko ƙananan Keychron sun isa. Idan ka samu wanda ake zare makunninsa ba dalma, ka fifita shi, domin ranar da W ya mutu makunni ɗaya za ka canza. Ka duba jerin haruffa da kyau idan na hannu ne: wanda ya zo daga Jamus yana da Z a wurin Y, na Faransa da ake shigowa da shi ta Togo kuma yana farawa da AZERTY. Rubuta ɓ da ɗ da ƙ ba ya buƙatar kibod na musamman, ana ƙara tsarin Hausa ne a saitin harshe na Windows.

Shi kuwa EA Sports FC, ba linzami da kibod ne suka fi dacewa da shi ba. Abin riƙe na Xbox mai waya shi ne kayan aikinsa, Windows kuma tana gane shi kai tsaye, saboda haka ka ware masa kuɗinsa. Valorant a kan Windows 11 yana buƙatar a kunna saitunan tsaro na TPM 2.0 da Secure Boot a BIOS, kuma Windows 11 ɗin za ka ɗora, tunda Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba 2025. Ka kuma sa a ranka cewa yawancin wasannin nan daga Ghana sabar Turai ake shiga, saƙo sai ya bi wayar ƙarƙashin teku ya je ya dawo, abin da kan kai milisakan 100 ko fiye, kuma ba kayan da za ka saya su rage wannan nisa. Abin da ke hannunka shi ne ka ja wayar intanet daga rauta zuwa kwamfuta maimakon dogaro da Wi-Fi ko hospot ɗin waya.

Farashi yana bin dala, don haka ka tambayi shago uku a rana ɗaya kafin ka tura MoMo, wato kuɗi ta waya, kuma kada ka sayi kayan ɗaya-ɗaya cikin watanni, domin garantin mako biyu ko wata ɗaya da ake bayarwa a kan kayan hannu zai ƙare kafin ka samu damar kunna su. Ka tara kuɗin furosesa da madabod da RAM da na'urar wuta da katin hoto, ka saye su a mako ɗaya, a rubuta maka lambar kowane kaya da kwanakin garanti a rasit. Idan kuɗin bai kai ba, kibod ɗin ofis na hannu zai riƙe ka wata biyu ko uku, fitilu kuma su jira. G102 na gaske da UPS ne ba na so ka ɗaga.